Na je Maraɗi, gidan Mai Zane

Labarin rasuwarshi a WhatsApp na gani, cikin gurup ɗin tsofaffin 'yan ajinmu, tsakiyar damina. Wani ya sa hoton wani allo da ya zana, ƙarƙashi ya rubuta inna lillahi, hoton shi kanshi ba a sa ba don duk cikinmu ba mai shi, mutum ne da bai son a ɗauke shi hoto tun yana yaro. Na kira ƙanenshi na yi gaisuwa ta waya, na ce mishi in Allah ya kai mu hunturu zan zo in gaida Inna da ƙafata, kuma ina so in ga kayan da ya bari. Sunanshi ba zan sa ba nan, Mai Zane dai kowa ke ce mishi tun muna lakwal, har Inna ma haka take ce mishi tunda ɗan fari ne ba ta faɗin sunanshi.

Wanda ya san hanyar Yamai zuwa Maraɗi ya sani, kilomita wajen 660 ne, bis na tashi tun kafin asuba cikin sanyi kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni a tsaya salla da cin abinci, Malbaza da ƙurar siminti, Galmi da buhunan albasa jibge bakin kwalta. Duk wannan barci da waya na yi ta yi. Sai da muka doshi Gidan Rumji rana ta karkata na ɗaga labule, gonaki an gama kaka, karan hatsi kwance, ƙasa fara fat, amma gawo ko'ina ya yi kore shar, wani nan wani can har iyakar ganin ido, awaki a gindi suna jiran 'ya'yan su faɗo. Nan ne ya faɗo mini a rai sosai, don shi ne mutum na farko da ya taɓa ce mini in lura da gawo, wai duk itatuwa suna ganye da damina shi kuwa lokacin yake zubar da nashi ya bar hatsi ya sha rana, in rani ya zo kowa ya bushe sai shi ya fito da ganye. Kowane manomi ya san haka, amma ni ɗan cikin gari ne, ubana tebur gare shi a kasuwa, daga bakin wanga yaro na fara jin shi muna aji huɗu ko biyar.

Mun yi firamare tare cikin shekarun 1980, mun ga yunwar 1984 da ake ce ma El Buhari muna ƙanana, lokacin da mutanen arewa suka cika gari da buhu da ƙwarya. Shi a aji ba ya cikin masu ƙoƙarin lissafi, dikte ma tana ba shi wuya, amma duk ranar da za a yi darasin ƙasa mushe, wato malaminmu, shi yake kira ya zana taswirar Nijar a babban allo. Har yau ina ganin abin, ya ɗauki farin alli ya ja iyaka da hannu ɗaya bai ɗaga ba tun daga Gaya har tabkin Cadi ya zagayo ta sama, sannan ya karɓi shuɗin alli ya saukar da kogin Isa ta yamma, ya ɗan goga da yatsa wajen duwatsun Ayir su yi duhu, mu kuwa muna ta fama da kaye, littafin rubutu, da gogewa har takarda ta huje. Mushe har hana share allon yake yi sai 'yan wani aji sun zo sun gani. A kolej muka rabu da aji amma hanya ɗaya muke bi, shi bai wuce bepese, jarrabawar ƙarshen kolej, ba, ni na ci gaba har na bar garin.

Abin da ya sa ya zama mai zanen daji da gonaki, mutane da yawa ba su sani ba, ni na sani don ina wurin. Babanshi malami ne na zaure, mai almajirai, wata rana ya tarar da kaye cike da zanen 'yan kokowa da dawakin sarki na hawan salla, har da fuskar wani maƙwabcinsu da kowa ya gani sai ya gane shi. Bai buge shi ba. Ya zaunar da mu duka biyu bisa tabarma ya kawo mana labarin mutumin da ya je wajen Abdullahi ɗan Abbas ya ce mishi ni da zane nake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi kan zana mai rai, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce mishi in dai ba makawa to ga itace nan, ga duk abin da ba shi da rai, ka zana. Malam ya ce to kai ma ga hanya nan, Allah bai rage ka da komai ba, dajin ga kaf naka ne. Daga ranar har ya koma ga Allah ban san ya ƙara zana mutum ko dabba ba. Na san akwai malaman da suka sassauta kan mas'alar kuma akwai masu zane musulmi da yawa da ke zana mutane, shi ma bai taɓa zagin kowa a kai ba, shi dai maganar babanshi ya riƙe.

Mun shigo ta Tsibiri da magariba, garin Sarkin Gobir, daga nan Maraɗi ba nisa. Garin ya canza ƙwarai, adaidaita da kabu-kabu sun cika titi, gidajen bene inda na sani gonaki, unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo sun miƙe sun yi nisa. Na kwana gidan wani ɗan'uwa, da hantsi ƙanen marigayi ya zo da babur ya ɗauke ni zuwa tsohon gari, can wajen su Bagalam da Limanci kusa da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, inda lunguna suke matse kuma ƙasa ta fara gangarawa fadama.

Inna ta tsufa, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama na durƙusa na ce Inna ina kwana, ya ƙarin haƙuri, sai ta ce muryar ga na san ta, ɗan gidan mai tebur ne ko, kai ne kake cinye mini ƙanzo. Muka yi addu'a, ta yi kuka kaɗan ta share da bakin zane, ta sa aka dama fura. Ciwo ne ya ɗan jima yana cin shi a ƙirji, ita ta ce warin fenti ne da fetur ɗin da yake wanke buroshi da shi shekara da shekaru cikin ɗaki ba taga, ƙanen ya ce likita bai faɗi haka ba, ban sa baki ba. Ya bar mata ɗaya da ɗiya huɗu.

Ɗakin aikin nashi shago ne na ƙasa a bakin zaure, ƙofar langa-langa. Da ƙanen ya buɗe warin fenti ya bugo mu. Gwangwanayen tumatir da na madara jere bisa kanta kowane da busasshen launi a ciki, buroshi daure da roba cikin wata tsohuwar butar shayi, wasu ma shi ya haɗa su da kanshi da gashin wutsiyar akuya da bakin gwangwani. Fenti irin na masu zane na cikin tub tsada gare shi kuma sai an aika Kano, don haka yawanci fentin mai na gini yake saye a shagon kayan gini, fari da baƙi da ja da shuɗi da rawaya, sauran launuka duk shi ke haɗawa. Yadin kuwa farin akoko ne yake ja bisa katako ya buga ƙusa, ya shafe da farin fenti da gam na kafinta ya bari ya bushe, in ba kuɗin yadi ya yi bisa fallen katako. Allunan suna jingine da bango a ƙasa, fuska na kallon bango, sun fi ƙarfin a ƙirga a tsaye.

Da wannan sana'a bai ci abinci ba, gaskiya kenan. Abincin gidan daga rubutun allunan shaguna ya fito, da lambar mota, da ado na bayan manyan motocin 'yan kasuwa masu zuwa Kano da Kwatano, kuma ko nan in direba ya ce a yi mishi zaki ko mikiya sai ya ce a'a sai dai dutse da dabino da masallaci, in ba ka so ga wane can. Masu aski ma almakashi da injin aski yake zana musu, kawunan sai su kai ma wani. Da injinan buga bana na kwamfuta suka shigo gari aikin allo ya mutu kusan gaba ɗaya, wa zai jira kwana uku fenti ya bushe alhali cikin awa ɗaya an buga mishi da hoto. Masu sayen zanen daji kuwa da ma anasara ne da ma'aikatan proje, su kuma abin da suke nema raƙumi ne bisa tudun rairayi da mata masu daka da Bororo, wani dillali a Yamai ya sha ce mishi ka sa ko raƙumi ɗaya ne a gefe in ninka maka kuɗi, ya ce shi a Maraɗi yake, abin da ke gabanshi yake zanawa. Bayan juyin mulkin 2023 da anasaran suka watse ko wannan 'yar kasuwar ta tsaya.

Muka fara juyo allunan ɗaya ɗaya muna fitarwa tsakar gida don haske. Na farkon da ya tsayar da ni gona ce ta jigawa da hunturu. Sama ba shuɗi ko ɗigo, ya yi ta kalar kunun kanwa, rana wani farin tabo ne kawai da za ka iya kallo ido da ido, daidai yadda take in buji ya taso. Gaba rumbu biyu na kara bisa duwatsu, ɗaya hular ta karkace, sawun amalanke ya ratsa rairayi ya shige tsakanin sabara da kalgo, can baya gawo uku na nesa ya dushe cikin hazo har sai ka matso ka tabbatar yana nan. Ba mutum ba dabba amma ka san yanzu aka bar wurin, don ga guga rataye a bakin rijiya igiyar da jiƙe, ya sa mata duhu daban. Na kai hannu na taɓa wajen hanyar na ji kaushi, ƙanen ya ce Yaya ai rairayin wurin ne da kanshi, yana ɗebowa a leda ya tankaɗe ya cuɗa da fenti, na jigawa daban, jar geza daban, baƙar laka ta fadama daban, ga ledojin can ƙarƙashin kanta kowace da sunan wurin.

Sai ya ce in duba baya. Kowane allo a bayanshi ya rubuta wurin da wata da shekara, wani da boko wani da ajami. Yamma da Tarna, watan azumi. Hanyar Jiratawa bayan ruwan farko. Gonar kawu, kaka. Wannan gonar kawun nasu ita ce ya fi maimaitawa, daga wuri ɗaya yake tsayawa, mun jera su bisa tabarma bi da bi tun daga na 1994 har na bayan nan. A na farko fili ne fetal, kututture nan da can da gawo ɗaya tak. A na tsakiya 'yan itatuwa sun taso siraran an sassabe musu rassan ƙasa. A na ƙarshe ba ka ganin ƙarshen gonar don itace. Wannan shi ne sassaben zamani da manoman yankin ga suka kama bayan yunwar 84, maimakon a share gona ƙwal a ƙone, sai a bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a yanke sauran, tunda saiwar na nan da rai a ƙasa cikin 'yan shekaru ya zama itace. Wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo da a lokacin yake aiki da mishan a nan Maraɗi shi ya fara yaɗa abin, manoma suka ɗauka suka kai shi inda bai zata ba, masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 tsakanin jihar Maraɗi da Damagaram. Na sha jin wannan lissafi a taro a Yamai ana nuna hotunan tauraron ɗan adam, amma ban taɓa ganin shi da ido yadda ya shiga kaina ba sai bisa tabarmar Inna, gona ɗaya, hannun mutum ɗaya. Kuma shi ba proje ta sa shi ba, ba wanda ya biya shi dala.

Na fadama kuwa labarin ya juya. Da la'asar muka gangara da ƙafa da allo ɗaya a hannu, na 1997, muna neman inda ya tsaya ya zana. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa ya bi ta Madarumfa ya wuce gindin gari da Tsibiri da Gidan Rumji ya sake komawa Najeriya, ruwa sai da damina, da rani rairayi ne. Nan cikin fadamar tsohon garin yake tun zamanin da Katsinawa suka zo bayan jihadi, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi Faransawa suka maida mutane bisa tudu suka yanka tituna miƙaƙƙu, shi ya sa Maraɗi take a tsare haka. A allon akwai wata ƙatuwar tsamiya da kanya biyu bakin gaɓa da inuwa har cikin gulbi. Mun sami gaɓar, ruwa ya zaftare ta ta ja baya, tsamiyar babu, kanya ɗaya ta saura, gefe ramukan masu bulo ne da juji da leda baƙa maƙale a kowace ƙaya. Garake dai suna nan da tumatir da salati da mangwaro, injin ban ruwa na ta ƙara. Wani tsoho mai garka ya taso ya leƙa allon, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai tsamiyar bakin mashaya ce, nan muke ɗaure jakai, ya nuna mana daidai inda take da sandarshi. Ya ce tun da aka yi dam na Jibiya ruwa bai malala fadama yadda ya saba, rijiya kullum sai an ƙara mata zurfi. Ya san marigayin, ya ce yakan zo ya zauna tun hantsi bai ce ma kowa komai, in zai tafi ya sayi salati.

Washegari muka tafi Madarumfa bisa babur, wajen kilomita 20 da 'yan kai kudu da gari. Ƙanen ya ce mu je da wuri mu dawo kafin la'asar kuma kar mu zarce wajen Gabi da dajin Baban Rafi, sha'anin 'yan bindiga na bakin iyaka ya sa yanzu ba a sakin jiki, shi kanshi marigayin shekarun ƙarshe ya daina zuwa can, abin na damun shi don yana cewa manyan itatuwan da suka saura duk suna wajen. Tabkin na nan da ruwanshi, masunta na fitowa da tarwaɗa da karfasa, mata na suya a bakin hanya, kukoki tsaye kewaye, ga kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara. Ya zana tabkin ga fiye da kowane wuri in ka cire gonar kawu, kuma duk da sassafe, kwalekwale daure ba kowa ciki, ruwan ba shuɗi ba irin na kalanda, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan kore wajen gaɓa, da na tsaya wurin na duba wallahi haka yake. Wani masunci da muka nuna ma hoton allon a waya ya ce wancan jirgin mai faci a gindi na babanshi ne, ya kira 'yan'uwanshi suka taru kan wayar.

Abin da na lura da shi kenan duk inda muka nuna, mutanenmu da ake cewa ba su san darajar zane ba, ba wanda ya ce kai ya yi kyau ya wuce, kowa sai ya ce wannan wuri kaza ne, ya kawo labari. Ƙanen ya ce akwai wani dattijo daga wani ƙauye hanyar Ɗan Isa da ya zo yin allon injin niƙa ya ga ɗorawar gonar ubanshi a jingine, ɗorawar da aka sare tuni, bai da kuɗi, bayan kaka ya dawo da damin hatsi biyu bisa amalanke ya tafi da allon. Ya ce marigayin ya fi murna da wannan ciniki da duk wanda ya taɓa yi da anasara. Ni a ganina da an taɓa rataye allunan ga wuri ɗaya cikin Maraɗi an ce jama'a ku zo kyauta, da mutanen ƙauye sun cika wurin, amma duk tunaninmu in an ce zane sai a kai Yamai a nuna ma baƙi.

Matsalar yanzu gara ce. Da muka kai ga na can ƙurya mun tarar ta cinye katakon wasu ta shiga yadin, guda uku sun tafi ba gyara, ɗaya ma rabin rubutun bayan ya ɓace ba mu san ko ina ne ba, damina ɗaya in ta ƙara samun su a ƙasa haka za a yi asara babba. Kafin in taso mun kira kafinta ya auna bango zai yi kanta mai tsayi a ɗaga su duka, mun ɗauki hoton waɗanda muka samu gaba da baya da waya, sauran ƙanen zai ƙarasa. Na sayi ɗaya daga na Madarumfa, matar ta ce in ɗauka kyauta na ce a'a akwai yara, muka tsaya kan jikka 40. Na gonar kawu kuwa na roƙe su kar a sayar ko ɗaya a warwatse, ko wa ya zo, a bar su tare, Inna ta ce ta ji kuma ta riƙe.

'Yan ajinmu da sauran mutanen Maraɗi, na san akwai allunanshi a gidaje da shaguna da ofisoshi, wasu sun tafi Yamai da Damagaram da Katsina. Ba ya sa suna a gaba, amma in kun ga zanen daji ba mutum ba dabba kuma a baya an rubuta wuri da wata da shekara, to nashi ne. Ku ɗauki hoton gaba da baya ku turo cikin gurup, muna haɗa su wuri ɗaya, kuɗin kafinta kuma wanda ya samu hali ya tura ma ƙanen kai tsaye.